Namijin Nimitti

Karima, watan Oktoba

Zuwa ga matata Busaina,

Bayan gaisuwa mai yawa da begen ganinki, ina fata kina lafiya, ke da Umma da duk mutanen Sinkat. Yaya ƙirjin Haisam? Yana samun barci ba tari? Allah ya ƙara masa sauƙi.

Na kama aiki a sabuwar tashar bincike ta nan garin Karima, na kuma samu gida a bakin Nilu mai bishiyar lemun tsami. Shekara biyu ke nan ina cin ful, dafaffen waken nan, ni kaɗai kamar gwauro, tun da nimittin Dongola, ɗan ƙaramin ƙwaron kogin nan mai kama da sauro, ya tayar wa yaron nan da asma, likita ya ce mu nisanta shi da kogi. Na gaji, Busaina. Ina son iyalina kusa da ni.

Ga abin da ya tsaya mini. Nimittin da nake bi iri biyu ne, kamarsu ɗaya sak. Ɗaya shi ne mai tasowa da sanyi kamar hayaƙi, ya cika hanci da kwanon miya, wanda ya kusa raba mu da Haisam. Ɗan'uwansa kuwa ba ya yawa. Sai na san wanne ne a nan kafin in ce ku taho. Ba a bambanta su sai da namiji. A ƙarshen cikinsa akwai wata 'yar gaɓa mai gashi: na mugun yana da rassa kamar ganyen dabino, na ɗayan a miƙe yake. Matan kam ko uwarsu ba ta raba su, kuma duk abin da na kama a fitila mata ne.

Mai gidan, Hajja Sittana, ta same ni a kan madubin bincike, ta ce, "Kai Ustaz, duk karatun nan a leƙen gindin ƙwaro ya ƙare? Abin da ko cizo bai iya ba!" Na ce, "Hajja, da ma cizo yake yi, da na saya wa ɗana gidan sauro na huta." Ba ta sake tsokanata ba, sai ta aiko mini da dabino.

Ki taya ni da addu'a. Ki gaishe da Umma.

Mijinki, Mirgani

Karima, watan Nuwamba

Busaina tawa,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Albishirinki! Na gano inda mazan ke taruwa. Da magariba suke rawarsu a kan wani tsohon kwalekwale da aka kife a gaɓa. Ba su da yawa tukuna, ɗaya ne ya fito daga raga bai lalace ba. Na jiƙa shi, na shimfiɗa shi a gilashi, na duba. Gashin a miƙe yake, Busaina, babu reshe ko ɗaya!

Ki fara ɗaure kaya. Hajja ta sa an shafe ɗakin Haisam da farar ƙasa, tana ta faɗa wai yaro zai zo amma uban banza ko gado bai saya ba. Na saya. Ki ce masa zai shiga kwalekwale kamar yadda na yi masa alkawari.

Naki, Mirgani

Karima, watan Disamba

Ummu Haisam,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarku da ta Umma. Ki zauna kafin ki ci gaba da karatu.

Kada ku taho.

Da sanyi ya shigo mazan suka ƙaru, na shimfiɗa wasu don in cika aikina. Na farko, rassa. Na biyu, rassa. Na ce ƙila baƙi ne iska ta kawo. Sai na koma kan wancan na watan jiya, na narkar da ƙaron da ya liƙe shi a gilashi, na juya shi da allura. Ashe a kan gefensa ya kwanta, gilashi ya danne rassan suka haɗe. Ɗalibi ma ya san ba a yanke hukunci da namiji ɗaya. Ni da nake koyar da hakan, abin da zuciyata ke so shi idona ya gani. Kunya ta ishe ni, tsoro kuma ya fi kunyar, don da kun biyo motar makon jiya, da ni da hannuna na kawo yaron cikinsu.

Jiya da la'asar suka taso. Ba a ganin tsallaken kogi, mutane suna tafe da rawani a hanci. Hajja ta tsaya a ƙofar farin ɗakin, bangon ya koma kore don yawansu, ta ce, "Ɗana, bar shi can. Gara ka yi kewarsa yana numfashi."

Na ajiye aikin, Busaina. Makarantar sakandaren Sinkat ba za ta rasa gurbin malamin kimiyya ba. Kin san tun ina saurayi ban san wani abu ba sai kogin nan da ƙwarinsa, kuma ba zan ɓoye miki ba, na yi kuka da nake naɗe raga.

Kada ki gaya wa Haisam zancen kwalekwale, ni na yi alkawari, ni zan warware shi da bakina. Ya taɓa roƙona in nuna masa abin da ya kore shi daga gida. Zan zo masa da namijin nan, a rufe cikin gilashi, ya kalle shi son ransa yana shaƙar iskar duwatsun Sinkat.

Ki kwance kayan. Ni ne mai tahowa.

Mijinki har kullum, Mirgani