Malafar Inabi da Kafaɗar Baba

Litinin, 17 ga Yuni

Baƙi tara yau, duk 'yan Tokyo. Na kai su haikalin kan tudu, na kai su cin taliya mai kabewa, na kai su wankan ruwan zafi. Awa biyu ina zaune a mota da littafina. Wata ta leƙo ta ce, "Kai, ashe direban ma karatu yake!" Na yi murmushi, don murmushin ma cikin aikina yake. A zuci na ce, ke fa, banda takardar kwalbar giya me kika taɓa karantawa?

Laraba, 19 ga Yuni

Ranar sa malafa. Uwargida Furuya, manajar masaukin, ita ta cusa wannan cikin nishaɗin baƙi. Su shiga ƙarƙashin rumfar inabi, Baba, mahaifina, ya nuna musu yadda ake ɗora wa kowane curi 'yar malafar takarda don kada ruwan damina ya ruɓar da shi. Kowa ya rubuta sunansa a kan duk wadda ya sa. Shekara arba'in da ɗaya Baba yana aikin nan, tun gonar tana tasa, kafin ya sayar wa kamfanin da ke da masaukin. Yau ya zama abin kallo. "Dattijo, ɗan tsaya mu ɗauke ka hoto." Shi kuma sai rusunawa. Na tsani rusunawar nan.

Alhamis, 20 ga Yuni

Ruwa wuni guda. Ba fita. Kalma sha ɗaya na nema a ƙamus.

Asabar, 22 ga Yuni

Hannun Baba na dama ya ƙi ɗaguwa a gaban mutane. Ya kai kafaɗa ya tsaya, takardar ta faɗi. Ya ce, "Tsufa ma ya zo hutu wurinmu." Suka yi dariya. Uwargida Furuya ba ta yi ba.

Da aka watse ni ta kira, ba shi ba. "Shunpei, in Asabar mai zuwa haka ne, bidiyo za mu nuna musu. Ya huta a gida." Na ce, "Bidiyon ya san inabi?" Ta ce in iya bakina.

Gida wai. Mutumin da tun rasuwar Mama ba ya iya zaman minti goma a ɗaki.

Talata, 25 ga Yuni

Na fito ƙarfe biyar na asuba wankin mota, na hango Baba a rumfa, tsaye kan akwati. Malafun baƙi yake kwancewa ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da kowace daidai. Ashe duk kafa suke bari a wuyan curin, ruwa ya bi kara ya sauka ciki. Wajen ɗari biyu duk washegarin da suka yi. Abin da ya cinye kafaɗar ke nan.

Na ce, "Baba, me ya hana ka gaya musu ba daidai suke yi ba?"

"Hutu suka zo, sarkin baki, ba makaranta ba."

"To bar musu ya ruɓe mana!"

"Su dawo lokacin girbi, mutum ya nemo sunansa, ya tarar da ruɓaɓɓe? Riƙe min akwatin."

Na riƙe. Na zazzage masa duk abin da ke cikina, gonar, kamfanin, rusunawar. Ko kallona bai yi ba. Gumi na bin wuyansa, akwatin na rawa a hannuna, sai daga baya na gane Baba ne ke rawar.

Alhamis, 27 ga Yuni

Na ce wa Baba ya sauko daga akwatin in gwada. Takarda sha huɗu na ɓata. "Littafi nawa ka cinye, amma takarda ɗaya ta gagare ka?" Ya yi ta dariya har sai da ya zauna a ƙasa. Na manta rabon da in ji wannan dariyar.

Wuyana kamar an sara. Haka yake kwana, shekara arba'in?

Asabar, 29 ga Yuni

Na tari Uwargida Furuya tun a ƙofa. Na ce Baba baki, ni hannu. Ta ƙare min kallo. "Kai da ka rantse ba za ka taɓa inabi ba?" Na ce takarda nake taɓawa.

Baƙi sha biyu. Baba ya tsaya hannu a baya kamar shugaban makaranta, ni a kan akwati. "Ku dubi ɗana da kyau, duk abin da ya yi ku yi saɓaninsa." Suka kwashe da dariya. Kunnena ya yi zafi, amma na haɗiye. Wani tsoho ɗan Yokohama ya riƙe shi da tambayoyi har abincin rana ya huce, Baba sai zuba yake, ban taɓa sanin yana da magana haka ba.

Da yamma Uwargida Furuya ta liƙa jadawalin Yuli. Sunan Baba na nan. Nawa a ƙarƙashi, da fensir.

Litinin, 1 ga Yuli

Huɗu da rabi na farka, ba agogo. Na gyara malafa tamanin da uku kafin Baba ya iso. Ya bi layin yana ɗaga kai, ya taɓa ɗaya da hagu, ya wuce. Da muka zauna shan shayi, kofina ya fara cikawa kafin nasa.

Don kafaɗarsa nake yi, ba wani abu ba. Ranar da ta warke na bari.

Akwai wani curi a ƙarshen layi na uku, ban ji daɗin launinsa ba. Gobe in duba.