Shaidar da ke wuyan jakina

Asabar, 10 ga Mayu

Jiya bayan kasuwa ta watse Agali ɗan polis ya kawo mana wata ɗiyar Abzinawa a kan moto. Ba ta wuce shekara huɗu ba. A bayan tasha aka tsince ta. Inna tana cikin kwamitin kare yara na unguwa, shi ya sa polis ke kawo ɓatattu gidanmu kafin a samu iyayensu. Sunanta Lalla. Sunan uba fa? "Abba." Iyakar abin da aka samu ke nan.

Agali dai da muka zauna benci ɗaya a lakwal, makarantar boko. Ni na tsaya a hanya na kama amalanken ruwa, shi ya wuce. Yanzu kaki, takalmi mai walƙiya, sashen yara. Inna har da shimfiɗa mashi tabarmar baƙi. A gidan da ya sha kankare ƙanzo!

Talata, 13 ga Mayu

Ni ke dama mata fura, ni na cire mata ƙaya, ni ta yi wa fitsari a cinya. Amma tana jin ƙarar moton Agali sai ta ture ni. Kalma biyu ya yi mata da Tamashek, yarensu, ta lafe a ƙirjinshi. Ya ce, "Na'Allah, kar ka ji haushi, jakinka ma ya fi ka farin jini." Na yi dariya. Haƙora kawai.

Alhamis, 15 ga Mayu

Masu bincike za su zo daga Yamai su duba yadda polis ke riƙe maganar yara. Ba polis ba ne, wai babu mai ba su umarni a nan. Agali ya sa cigiya a rediyo, ya bi masu gari, shiru. In ba a samu danginta ba zuwa ƙarshen sati mai zuwa, Maradi za a kai ta, gidan ajiye yara. Ga damina ta matso, makiyaya za su yi arewa.

Agali ya rame. Ruwanshi.

Asabar, 17 ga Mayu

Lalla ta ɗauki gawayi ta hau turmi ta zana wa jakina wani abu a wuya. Layi a tsaye, ƙafa biyu kamar ta kaza, ɗigo a gefe. Na goge, ta sake. Iri ɗaya, wuri ɗaya. Ba wasan yara ba ne, shaida ce, wadda ake lalasa wa raƙuma da ƙarfe mai zafi, kowane gida da tashi. Mainassara dillalin raƙuma kallo ɗaya zai yi mata ya faɗi masu ita.

In na faɗa, wa za a yaba a gaban mutanen Yamai? Da na ji moton Agali na watsa wa jakin ruwa, shaidar ta wanke.

Lahadi, 18 ga Mayu

Yau ta kira ni "Nala". Ta yarda na goya ta har famfo.

Talata, 20 ga Mayu

Sun zo. Madam Halimatu ce babbarsu, mace marar hayaniya. Ta duba inda yarinyar ke kwana, ta ɗaga gidan sauro, ta buɗe randa. Sai ta ce Agali ya jira a waje. Daɗin da na ji, Allah ya yafe mani.

Ta ce, "Malam, yana zuwa duba ta, ko sai da ya ji za mu zo?" Bakina ya cika da magana, amma Inna na zaune. Na ce kullum yana zuwa, har ranar hutunshi. Ta ce, "Kai da ke wuni da ita, babu abin da ka lura da shi?" Na ce babu. Ta ɗan jima tana kallona. Ta ce ita ba kaki ta zo dubawa ba, so take ta ga ko yarinya za ta koma hannun uwarta.

Da Madam ta fita, Lalla na laluben murhu, tana neman gawayi. Ni na ɓoye shi tun shekaranjiya.

Laraba, 21 ga Mayu

Inna na ninke kayan yarinyar a buhu saboda Maradi. Ta ce can wa zai ji yarenta? Ban ci tuwo ba.

Na fito da gawayin na miƙa wa Lalla. Ta zana. Na ja jakin a ƙasa har ƙofar komisariya, ofishin polis, kar zufa ta wanke. Agali ya duba wuyan, ya dube ni. "Tun yaushe?" Na ce tun Asabar. Na jira zagi. Ya ce, "Hau baya." Rabona da hawa bayanshi tun muna satar keken kawunshi.

Na zana wa Mainassara shaidar a ƙasa, bai ko ajiye shayinshi ba. Ya ce mutanen wata rijiya ce gaba da Birnin Lalle.

Juma'a, 23 ga Mayu

Uwar ta zo. Ashe a ranar kasuwar sun rabu gida biyu, ita ta ɗauka ɗiyar na motar kaka, kaka ta ɗauka tana wurin uwa. Da suka gane, arewa suka yi ta nema. Ta durƙusa tana shinshinar kan yarinyar, ba kuka. Inna ce ta yi kukan.

Madam ta yaba wa sashen yara a gaban komisa, babban polis. An tafa wa Agali. Ya buɗe baki zai nuna ni, na taka mashi takalmin nan mai walƙiya. In ya faɗi sunana sai ta tambayi tun yaushe. Ita kuma ta dube ni ta dubi jakin.

Lalla ba ta waiwayi kowa ba, daga ni har shi. Jakin kawai ta shafa.

Lahadi, 25 ga Mayu

Agali ya zo ba kaki, ya zauna a ƙasa, ya cinye mana ƙanzo. Har yanzu yana da surutu. Ya ce in an kawo wani yaron in riƙa buɗe ido, na ce ba aikina ba ne. Zan dai gani.

Shaidar ta fara dushewa, na ɗan bi ta da gawayi. Don kar jakin ya ɓata ne kawai.