Mode Shida, Launi Ɗaya

Sansanin aikin hanyar jirgi, Dutsen Kura
3 ga Zulƙida, 1347

Zuwa ga taubashina Malam Maigandi marini, Ƙofar Taramniya, Sakkwato.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, wannan karon ba da wasa na zo ba. Ka san ni ne akawun rumfar jinya ta leburori. An aike ni Zariya ɗauko magani, na yi kwana tara. Da na dawo na buɗe littafin marasa lafiya, sai na tarar da wannan, na kwafe maka yadda yake:

Suna, Mode. Gari, Sakkwato. Aiki, lebura ɗan cin rani. Launi, baƙi. Ya rasu da zazzaɓi ranar Talata, an binne shi.

Na ji surukinka Mode, mijin ɗiyarmu Sakinatu, ya zo cin rani nan bayan kaka. Ban san fuskarsa ba, don ban halarci bikinsu ba, kuma leburorin sun fi dubu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ka sanar da ita cikin lallashi domin ta shiga takaba. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri.

Naka,
Tambari Akawu

Ƙofar Taramniya, Sakkwato
9 ga Zulƙida

Zuwa ga Tambari ɗan kawuna, wanda ya zauna makarantar Bature har ya gama, daga Maigandi wanda ya yi damina biyu ya haura katanga.

Sallama da gaisuwa da tambayar lafiyarka. Bayan haka, takardarka ta iso. Sau uku na karanta ta, don ka san bokona, karatun farko gaisawa kawai nake da haruffan.

Na yarda nan take. Littafin Bature ya ce Mode, ya ce Sakkwato, ya ce baƙi, mi ya rage? Kuma ka san bakina. Tun da anka ɗaura auren nake tsokanar uwar Sakinatu cewa mun ba gindin tukunya ɗiyarmu. Ni mai taƙamar mu jajaye ne saboda kakarmu Bafulatana, alhali shekara ashirin da biyar hannuwana shuɗɗa ne har gwiwar hannu.

Sakinatu tana gidanmu wankan jego. Na same ta tana kaɗi, jaririyarta Balaraba na barci a cinyarta. Na zauna, na yi gyaran murya, na soma wa'azin mutuwa, ni da karatun allona ya tsaya izu biyu.

"Baba, faɗi abin da ka zo faɗi," in ji ta.

Na faɗa. Mazarin ya suɓuce daga hannunta. Ta yi salati, hawaye sunka zubo. Can ta share ta ce, "Karanta mini yadda anka rubuta."

Na karanta.

"Sai mi?"

"Sai mi kuma? Ke nan."

Ta kwantar da jaririyar, ta aika zaure anka ɗauko mata zanuwa uku cikin waɗanda munka gama rinawa. Ta shimfiɗa su gabana.

"Baba, duk waɗanga baƙaƙe ne, ko?"

Sai zuciyar sana'a ta motsa mini. Na ce, "Ke, kada ki ci mutuncin karofi. Wancan turkuɗi ne, ya sha bugu, dubi sheƙinsa. Wanga tsoma huɗu ne, ki kai shi rana ki ga shuɗi. Na ukun kuwa shunin ya gaji kafin a sa shi, ga ja-ja nan cikin duhunsa."

"To in wani ya aiko ya ce a ba shi zanensa, baƙin nan, za ka bayar?"

"In ba da wane? Duk abin da ya fito karofi duhu gare shi. Ai don haka muke yi wa kowane zane ƙulli a gefe kafin mu tsoma, kowa da alamarsa."

Ta dube ni ta ce, "Ashe zane ba ka sallama shi da launi kawai. Sai mutum?"

Tambari, sai na naɗe zanuwana na mayar zaure.

Washegari uwar Mode, Iyatu, ta zo da mata za a kwance wa Sakinatu kitso a cire mata awarwaro. Ta durƙusa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta kawo ruwa, sannan ta ce, "Inna, ranar da anka kawo shaida, ni da hannuna zan kwance." Limamin unguwa ya ce tana da gaskiya, a jira amsarka. Amma mata sun fara ƙus-ƙus, wai busasshiyar zuciya gare ta.

Liman ya ce in kwatanta maka mutumin. Nan fa asirina ya tonu. Shekara uku yana surukina, in ya zo gaisuwa shina tsugune kansa ƙasa, ni kuma ina kallon azara, don kunya. Abin da na sani a jikinsa tsakiyar hularsa ce. Ita kuwa na san ta sarai, tana da faci.

Don haka ga kwatancen Sakinatu. Ba ta faɗi sunansa ba ko sau ɗaya, ɗiyar mutunci, "shi" kawai take cewa. Shina da wushirya. Ƙaramin yatsan ƙafarsa ta hagu a tsage yake, hauya ce ta sare shi. Akwai tabon ƙaho uku a ƙeyarsa. Fuskarsa ba zane. Kuma a gefen farar rigarsa ta saƙi, ta ciki, ta yi ƙulli uku da jan zare, irin yadda ta ga ina yi wa kayan mutane.

Ka duba mana, don Allah. Ka gaida Baturenka in shina amsa gaisuwa.

Naka,
Maigandi

Dutsen Kura
16 ga Zulƙida

Zuwa ga Malam Maigandi, bayan gaisuwa da girmamawa.

Na bi littafin tun daga shafin farko. Dole in faɗa maka na ji kunya. Mode shida ne daga ƙasar Sakkwato suka kwanta a rumfar nan bana, kuma kowannensu an rubuta masa baƙi. Hasali ma duk leburan da ke littafin haka aka rubuta masa, Bazabarme da Bagwari da Babarbare. Akawun da ya riƙe mini aiki ya gaji da maimaitawa, sai ya rubuta sau ɗaya a sama ya ja layi har ƙasa. Turawa uku ne kawai aka rubuta musu fari.

Da na ga haka raina ya yi sanyi, na ɗauka kuskure ne. Amma sai na je ɗakin da ake ajiye kayan mamata bayan an dafa su saboda ƙwarƙwata. A cikin ƙunshin wanda ya rasu ranar Talata akwai farar rigar saƙi. Na juya gefenta. Ƙulli uku, jan zare.

Ban so in zama mai kawo wannan labari sau biyu ba. Allah ya ba Sakinatu haƙuri.

Naka,
Tambari Akawu

Ƙofar Taramniya
22 ga Zulƙida

Tambari, sallama da gaisuwa.

Yau ba ni da wasa da yawa. Ɗaya ce kawai ta ƙi barina. Na taɓa ganin Bature a kasuwa da rana tsaka. In aka ba ni farin zane na mayar da shi da launin fuskar mutumin nan, ni da mai zanen gaban alƙali za mu kwana. Wanda ya kira wancan fari bai taɓa ganin farin yadin alawayyo ba.

Na karanta wa Sakinatu takardarka. Wanga karon ta yi kuka sosai, irin wanda ba a son uba ya ji. Na fita na tsaya bakin karofi ina juya shunin da ba ya buƙatar juyi. Da la'asar ta aiko a kira ni. Idanunta sun kumbura, amma muryarta tsaf.

"Baba, riga sunka gani."

Na ce, "Ɗiyata, alamarki ce fa. Ke kinka ƙulla."

"Rigar na ƙulla wa, ban ƙulla wa shi ba. Baba, ba ka san shi ba. Rigarsa ta aure ma wani makaho ke sanye da ita a Wamakko. In ya ga mutum na rawar ɗari ba ya iya riƙe tufa a jikinsa. Yatsan fa? Wushiryar fa? Wanda ya wanke mamacin shina nan da rai, ko shi ma littafi ne?"

Ka ji. Ni na yarda da launi, kai ka yarda da riga, mu biyu masu gemu.

Amma lokaci ya ƙure. Liman ya ce riga alama ce mai ƙarfi. Iyatu ta sa ranar sadakar arba'in, jajibirin Babbar Sallah. Sakinatu ta yi alkawari gaban mutane, in ranar ta zo ba wani labari, za ta kwance kitson ta zauna takaba, ba za ta ƙara magana ba. Iyatu ma abin tausayi ce, so take ta yi wa ɗanta addu'a yadda ya kamata.

Taubashi, ajiye alƙalami. Tashi ka nemi wanda ya yi wankan. Ban taɓa roƙonka komi ba sai goro.

Naka,
Maigandi

Dutsen Kura
29 ga Zulƙida

Zuwa ga Malam Maigandi, bayan gaisuwa. Ka zauna kafin ka ci gaba.

Na sami mai wankan, wani dattijo wanzami, Malam Maccido. Ya tuna mamacin sarai. Ya ce dogo ne, da zanen Gobirawa a kumatu, haƙoransa a haɗe, yatsunsa lafiya ƙalau. Ya ce har ya yi mamakin rigar, don ta yi masa gajarta.

Daga nan na bi bukkokin masu murmurewa ɗaya bayan ɗaya ina yaye bargo ina duba ƙafafu. Leburori suna ta dariya, wai akawu ya koma mai cire ƙaya. A bukka ta ƙarshe na sami yatsan. Mutumin a rame yake, zazzaɓin ya toshe masa kunne ya danne masa murya. An tsince shi a sume ba riga, shi ya sa a littafi aka rubuta: ba a san sunansa ba, baƙi. Na juya ƙeyarsa, tabo uku. Na nuna masa ƙullin rigar, sai ya kama ya riƙe yana hawaye, na ga wushiryar.

Da kyar ya gaya mini takwaransa ne, Moden da ya rasu, ke makyarkyata, shi kuwa ya tuɓe rigar ya rufa masa. Sannan ya jawo hannuna ya ce, "Ta sauka?" Na yi masa ihu a kunne, "Mace! Balaraba!" Duk bukkar ta ɗauki kabbara.

Na tambayi Baturen likita amfanin gurbin launin nan. Ya ce haka takardar ta zo a buge daga ƙasarsu. Na roƙe shi ya bar ni in riƙa rubuta alamun mutum a wurin, tabo da zane da sunan ubansa da unguwarsu. Ya ɗaga kafaɗa ya ce in yi. Mamacin kuwa na gano ainihin garinsu, na aika wa danginsa, don akwai wata matar da ke jiran wanda ba zai dawo ba.

Mode zai taso da fatake idan ƙafarsa ta yi ƙwari. Ka ce wa Sakinatu babanta Tambari ya gama makaranta, amma a wurinta ya koyi aikinsa.

Naka,
Tambari

Ƙofar Taramniya
25 ga Zulhajji

Tambari mai cire ƙaya, sallama da gaisuwa da barka da Sallah.

Takardarka ta riga arba'in da kwana uku. Geron da anka jiƙa don sadakar mamaci, da shi munka yi ta godiya, munka haɗa da addu'a ga Bagobirin. Iyatu da hannunta ta yi wa Sakinatu sabon kitso, tana yi tana kuka tana neman gafara.

Jiya Mode ya iso bisa jaki. Ya tsuguna a zaure, kai ƙasa, ga hular nan mai faci. Na ce yau kunya ta yi haƙuri. Na ɗaga murya saboda kunnen nasa na ce, "Ɗago kanka in gan ka."

Na dube shi da idon marini. Goshi wani launi, kumatu wani, ƙarƙashin ido inda ciwo ya ci wani dabam. Shekara ashirin da biyar ina rini, ba ni da sunan ko ɗaya. Ina cikin kallo sai muryar Sakinatu ta fito daga bayan asabari.

"Baba, in ka gama duba hajar, tuwonsa na hucewa."

Roƙo ɗaya ya rage. In Allah ya ƙaddara na faɗo cikin littafinka wata rana, kada ka sa baƙi, kada ka sa ja, kada ma ka sa shuɗi ko da hannuwana sun rantse. A gurbin nan ka rubuta, uban Sakinatu. Duk Ƙofar Taramniya za a gane ni.

Allah ya bar zumunci. Har yanzu ina jiran goron.

Naka,
Maigandi