Kujera Ɗaya Verna Take So

Dillon, Montana
4 ga Afrilu, 1996

Zuwa ga Yaya Harlan,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Doreen da ciwon bayan nan naka. Mu nan ƙalau, ƙanƙara ta fara sakin kogi.

Yaya, buƙata ce ta sa na ɗauki biro. Shekara talatin da takwas ke nan kowace Asabar ni nake tuƙa wa mijina Orval kwale-kwale, shi yana jefa ƙugiya. Ka kuma san ƙa'idar kogi, mai tuƙi ba ya kamu. To na cika sittin da uku, ban taɓa jin kifi ya ja zare a hannuna ba. Duk hotunan da ke bangon falonmu shi ne riƙe da kifi, ni kuwa sai dai ka hango gwiwar hannuna a gefe.

Na ga wata mata a tafkin Clark Canyon a kan ƙaramin jirgin nan da kuke sayarwa a shagonku, kujera a kan bututun roba biyu da ake hura wa iska. Ƙafafunta a ruwa suna juya shi, hannuwanta suna kamu. Irinsa nake so. Ka zaɓo mini wanda zan iya ɗagawa ni kaɗai in ɗora a bayan mota, mai kaurin fata saboda duwatsu. Kujera ɗaya, Yaya. Ɗaya.

Na gaya wa Orval muna cin abinci. Ya ce, "To." Ka san "to" ɗinsa. Ba na son in ɓata masa rai, wallahi, amma ina son kifina.

Ƙanwarka,
Verna

Dillon
9 ga Afrilu

Suruki Harlan,

Gaisuwa da fatan alheri. Wannan takarda tsakanina da kai ce.

Na san abin da Verna ta aiko ka. Ka ce mata ya ƙare a shago. In ƙarya ta yi maka nauyi, ka aiko da mai kujera biyu. Mace mai shekarunta a kan balan-balan a tsakiyar ruwa, in iska ta taso fa?

To, bari in daina kewaye-kewaye. Ba iska nake tsoro ba. Mutanen gari suna cewa babu wanda ya kai ni sanin kogin Beaverhead, ni kuma ina gyara hula ina karɓa. Gaskiyar ita ce, Verna ce take ganin kifi. Ta tsayar da kwale-kwale ta ce, "Ƙarƙashin reshen can, tsoho," sai in jefa. Ko wannan ma da sauƙi. Ranar da ta ɗanɗana zaman ruwa ita kaɗai, ba mai mita a kunnenta, me zai dawo da ita wurina? Asabar ɗin nan ita kaɗai ce ranar da muke hira.

Ka huta lafiya.
Orval Hokanson

Spokane
16 ga Afrilu

Autar gidanmu,

Gaisuwa, ke da wancan gwanin kogin naki. Bayana yana nan yana cin amanata.

Ashe sai yanzu kika farka? Tun muna yara ke kike nuna wa Baba inda kifi yake, shi yana shan yabo. Jirginki yana hanya. Na ɗaga guda huɗu da hannu ɗaya, wanda bai sa na yi ƙara ba shi na zaɓa. Tsawonsa ƙafa takwas, yana da filafilai biyu da majingina mai laushi. Na haɗa miki da takalman iyo da rigar ceto, kuma ki sa rigar, ban ce ki zauna a kanta ba. In kin hura shi, ki bar shi a ruwa ya ɗan jima sannan ki ƙara iska, don sanyin ruwa yana sa shi ya saki. Ki fara da tafki, kogi ba zai gudu ba.

Ki gaya wa mijinki na ga saƙonsa, amsar ita ce a'a. Kada ki tambaye shi, ki bar tsoho da mutuncinsa.

Yayanki,
Harlan

Dillon
5 ga Mayu

Yaya! Yaya!

Gaisuwa daga baya. Na kama!

Jiya muka je tafki. Orval ya ce zai bi ni da babban kwale-kwale don tsaro. Tsaro! Bawan Allah bai riƙe filafili ba tun kafin a haifi ɗanmu Dennis, sai ga shi yana juyi wuri ɗaya kamar kaza ta sha bugu a ka. Har wani yaro daga gaɓa ya ce, "Baba, in kira maka taimako?" Ya ce, "Kira wa uwarka!"

Ni kuwa na lallaɓa bakin ciyawa na jefa. Sau uku ƙugiya ta kama hulata. A na huɗu sai na ji abin, kamar an ƙwanƙwasa ƙofa daga ƙarƙashin ruwa. Yaya, ihu na yi kamar 'yar shekara bakwai. Ya ja ni, na ja shi, jirgin yana binsa. Da na tallabo shi, tsawonsa ya kai daga yatsana zuwa gwiwar hannu. Na cire masa ƙugiya na sake shi, sai na fashe da kuka, ina dariya.

Abu ɗaya ne ya rage mini daɗi. Orval ya daina tuƙi, ya zauna yana kallona kawai. A hanyar gida ko wainar tuffa da na yi masa bai taɓa ba. Anya ban sayi kifi ɗaya da tsada ba?

Taka,
Verna

Dillon
6 ga Mayu

Suruki,

Gaisuwa. A kwale-kwale mai kamu a gaba yake tsayawa, mai tuƙi a bayansa. Shekara talatin da takwas ban taɓa ganin fuskarta a kan ruwa ba sai ranar Asabar. Ashe haka take dariya.

Ka aiko mini da irin nata, kujera ɗaya. Zan ajiye nawa daura da nata, inda zan riƙa ganinta.

Orval