Zakaran Ƙeƙuwa a Bakin Teku

Juma'a da dare, ƙarshen Agusta, Al Rayyan.

Gwiwoyina duk sun kuje, amma raina fes.

Bayan asuba na kai kafil, wato maigidan da nake wa direba, bakin teku. Lokacin wucewar tsuntsaye ne, sati biyu ke nan yana neman wani da aka ce an gani, wanda ba kasafai yake zuwa Qatar ba. Har hantsi shiru, ga zafi. Ya naɗe kyamararsa ya ce, "Khalas, Muhammad, yalla," wato ya isa, mu tafi. Shekara uku haka yake kirana, alhali sunana Sale.

Ina buɗe mota sai na ji kukan. Zakaran ƙeƙuwa ne, wanda yake cika mana kunne a fadamar Nguru in na bi Baba kamun kifi. Na nuna wa kafil wurin, ashe shi ne tsuntsun da yake nema, ya zabura zai nufe shi a miƙe. Ban san sanda na riƙe hannunsa ba. Na ce, "Yallaɓai, wannan in ya ga mutum a tsaye zai tashi, ya tashi sauran. Durƙusa ka biyo ni."

Haka muka yi ta rarrafe cikin taɓo, ni a gaba, shi a baya da farar jallabiyarsa.

Ya samu hoton. A mota ya sa na maimaita masa sunan da Hausa sau uku, yana rubutawa a littafinsa. Sai ya ɗago ya ce, "Sale, ko?" Ya rubuta wannan ma.

Allah ya jiƙan Baba. Kullum faɗansa shi ne ba na kama kifi, sai kallon tsuntsaye.