Tawagar Godiya Zuwa Abhur

Lahadi, 6 Oktoba 2024
Kuramoto, injiniyan Japan mai kula da injinan ma'ajiyarmu a Khumra, nan Jidda, ya sa sunan ɗana Mish'al cikin waɗanda za a kai horo Osaka. Shekara biyu. Uwarsa Zakiya ta rangaɗa guɗa. Ni na ce madalla, na ci gaba da shan shayina. Yaron ya ce ba zai tafi ba sai da izinina, ni kuwa ban bayar ba. Ɗa ɗaya gare ni.

Talata, 8 Oktoba
Yarda daban, godiya daban. Wanda ya yi wa ɗanka alheri sai ka gode masa, da harshensa ma. Arigato gozaimasu. Wanda ya sha nahawun Larabci ba ya tsoron kalma biyu. Mish'al ya ce sai an haɗa da sunkuyawa, gwargwadon alheri gwargwadon zurfinta. Na ce ruku'u na Allah ne, hannu a ƙirji ya wadatar.

Alhamis, 10 Oktoba
Godiyar mutum ɗaya ba ta cika baki. Na roƙi Na'ibi na masallacinmu da dattawan layinmu na Nuzla su taya ni. "Baba, wallahi abin kunya ne," in ji Mish'al. "Tura masa saƙo, khalas, shi ke nan." Ɗan Jidda ke nan, yana jin Hausa, bai san Hausawa ba.

Asabar, 12 Oktoba
Bayan la'asar muka cika motoci, da dabino da kilishi, sai gidan Kuramoto a unguwar Abhur. Arigatona ya fita tsaf. Kuramoto ya sunkuya. Na'ibi ya matso: "Mun taya Abdulghani godiya." Kuramoto ya sake sunkuyawa. Kowane dattijo da tasa godiyar, kowace godiya da tata sunkuyawar, har na fara tausayin bayansa. Mahamadou tela ya raɗa mini, "Alhaji, mutumin nan ya fi mu raka'a."

A bakin ƙofa Kuramoto ya ce da Larabcinsa mai ɗingishi, "Ni ne da godiya, da ka ba mu amanar ɗanka."

To. A ganinsa, uban da ya kwaso rabin unguwa ai ya yarda. Na buɗe baki, na ga Na'ibi na gyaɗa kai, na rufe.

Lahadi, 13 Oktoba
Kuramoto ya tare ni a wurin aiki da godiyar jiya. Ashe su ma suna yi. Ya kuma ba ni kwalaye naɗaɗɗu, kowane dattijo da nasa. Na'ibi ya ce sai mun koma godiya. Na ce ya rufa wa bayan mutumin asiri.

Laraba, 16 Oktoba
Mish'al: "Baba, na san ba ka ce e ba. In a'a ce, ni zan gaya masa." Da Hausa ya faɗa, babu Larabci ko ɗaya.

Alhamis, 17 Oktoba
Shi da uwarsa sun yi ta tambayata, e ko a'a. Na ce su bar ni tukuna.

Litinin, 21 Oktoba
Na biya kasuwa, na sayo rigar sanyi mai kauri, daidai kafaɗar Mish'al. Rangwame aka yi, shi ke nan. Zakiya ta dubi rigar, ta dubi fanka, ta koma kicin.

Da safe na gamu da Kuramoto, na ce arigato, hannu a ƙirji. Mish'al ya rantse ya ga kaina ya ɗan yi ƙasa. Wuyan nan dama yana damuna.