Ƙafafu Biyu da Suka Rage

Anti Rahila,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya Kaduna, yaya Kawu da yara? Mu a Mayo Gwoi lafiya lau.

Anti, ban taɓa faɗa wa kowa ba: ba na son karatun nas da Mama ta zaɓa mini. Injiniya nake so in zama.

A makaranta ina haɗa na'urar da za ta shayar da lambun Mama. Ƙaramin allon lantarkin da ke sarrafa ta, ƙafafunsa da ake jona wayoyi a kai kaɗan ne. Biyu suka rage, ga agogo da gilashin da ke nuna rubutu ban jona ba, kowanne kuma ƙafafu biyu yake buƙata. Har na yi kuka. Sai Malama ta ɗora su duka kan wayoyi biyu na ƙafafun da suka rage, kowanne da lambarsa, ba ya amsawa sai an kira shi. Da gilashin ya haska, gabana ya faɗi fiye da yadda littattafan soyayya ke sa ni. Yanzu ko wanke-wanke nake, lambunan bakin kogi nake gani suna shan ruwa da kansu.

Mama tana jin maganarki, ki roƙar mini ita. Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa.

Na so in ɓoye takardar nan, amma ga direban Kaduna yana hon. Bari in miƙa masa.

'Yarki,
Talatu